Babana ya ce na dawo masa da laka

Wasiƙar wannan mako daga Marwa, a arewacin Kamaru, ta zo. Na taƙaita ta, na cire sunaye:

"Baba, shekarata 26. Bara na gama karatun injiniyan gine-gine da hanyoyi a jami'ar Marwa. Aikin kammala karatuna a kan bulon ƙasa na yi shi, irin wanda ake matsewa da inji bayan an sa masa siminti kaɗan, kuma wallahi zuciyata tana kan wannan sana'a. Mahaifina magini ne, ya shekara arba'in yana gini. Ranar da na kawo masa bulon, ya juya shi a hannu ya ce: 'Na sayar da shanuna don ka fita daga laka, sai ka dawo mini da laka?' Tun ranar ba mu sake tayar da maganar ba. Yanzu kawuna, mai shagon siminti da rodi a Kuseri, yana so in je in riƙe masa shago, da albashi mai kyau da ɗakin kwana. Wani kamfanin da ke aikin hanya kuma ya ce zai ɗauke ni a ɗakin gwajin ƙasa, wata goma, a daji, a matsayin ƙaramin ma'aikaci, kuɗin ma bai kai rabin na kawu ba. Akwai yarinyar da nake nema, iyayenta sun fara tambayar inda na sa gaba. Baba, ina zan sa kaina?"

Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Ba zan yi maka kwana-kwana ba: ka karɓi aikin ɗakin gwajin. Na kusa shekara talatin a irin wannan ɗaki, tsakanin Ngaundare da Garwa da kudancin Cadi, kuma da a ce ɗan cikina ne ya kawo mini wannan tambaya, amsar da zan ba shi ke nan. Amma akwai sharuɗɗa, akwai kuma maganar mahaifinka, wadda a ganina ta fi maganar aikin nauyi.

A wasiƙarka ka raba abu biyu, bulon ƙasa a hannun dama, aikin hanya a hannun hagu, kamar in ka kama ɗaya ka saki ɗaya. Sana'a ɗaya ce. Bulon da ka kai wa mahaifinka ƙasa ce da aka zaɓa, aka jiƙa daidai gwargwado, aka danne ta har iska ta fita daga cikinta. Hanya ma haka take: ƙasa ce aka zaɓa, aka jiƙa, rola ta danne ta shimfiɗa bayan shimfiɗa. Kwaltar da mutane ke gani a sama ba ta wuce kaurin 'yan yatsu ba, rigar ruwa ce kawai. Abin da ke ɗaukar tirela yana ƙarƙashi. Duk wanda ya san ƙasa da ruwa da matsi, ya riƙe kan igiyar sana'o'in biyu, kuma babu inda ake koyon wannan kamar ɗakin gwaji na wurin aiki.

Na san ka yi gwajin Furokta a makaranta, wataƙila sau biyu ko uku, malami na tsaye a kanka. A wurin aiki za ka yi shi sau ɗari. Za a kawo maka buhun ƙasa daga ramin burji, ka shanya, ka tankaɗe, ka raba gida biyar, kowane kaso da nasa ruwan, ka daka a cikin ƙoƙon ƙarfe, ka auna, ka gano adadin ruwan da ƙasar ta fi matsuwa da shi. Gwajin nan tun 1933 ake yin sa, har gobe bai tsufa ba. Sannan ka jiƙa samfurin kwana huɗu a ruwa, ka danna masa ƙarfe, ka fitar da lambar CBR, wadda ita ke faɗa maka ko wannan burji zai iya zama a ƙarƙashin kwalta. Shimfiɗar da ke ƙarƙashi tana son 30 ko fiye, ta sama wadda kwalta ke hawa kai tana son 80. Da rana tsaka kuma, a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, za ka durƙusa a bayan rola, ka haƙa ɗan rami kamar kwanon sha, ka kwashe ƙasar cikinsa ba tare da ka zubar da ko ƙwaya ba, ka cika ramin da yashin awo, ka lissafa ko matsin ya kai kashi 95 cikin 100. Wata shida kana wannan, hannunka zai fara magana kafin sikeli. Za ka dunƙule ƙasa a tafin hannu, ka saki, ka san ruwanta ya yi ko da saura. Wannan ilimin ne ba ka da shi tukuna, kuma shi ne zai hana bulonka narkewa a bangon mutane.

Ƙasarmu ta arewa mai nisa malama ce mai tsanani. Daga Mora ka nufi Waza da Dabanga, ko ka gangara fadamun Logon, baƙar lakar nan ce da Fulani ke kira karal, wadda ake dasa masakwa a kanta bayan damina. Ga manomi arziki ce. Ga mai hanya kuwa, ita ce babbar jarrabawa. Da damina ta sha ruwa ta kumbura, da rani ta bushe ta tsage har hannu ya shige. Hanyar da aka ɗora mata kai tsaye tana hawa tana sauka tare da ita, gefunanta su fara tsagewa a tsaye, ruwa ya samu ƙofa, shi ke nan. Ga shi burji mai kyau ya yi ƙaranci a wannan shimfiɗaɗɗen fili, sai an ɗauko daga nesa, kuma kowace kilomita da tifa ta yi, man gas ne, taya ce, kuɗi ne. Shi ya sa injiniyan da ya iya gyara ƙasar da ke wurin ya fi wanda ya iya odar tifa ɗari daraja. Laka mai danƙo ana kashe mata kumburi da toyayyar farar ƙasa, irin wadda ake yi a Figil. Ƙasa mai yashi ta fi son siminti, kashi uku ko huɗu cikin ɗari. Burji mai rauni a gauraya shi da fasasshen dutse. Tsohuwar kwalta ma ba shara ba ce, ana niƙe ta tare da abin da ke ƙarƙashinta a mayar shimfiɗa. Wane magani, nawa, ga wace ƙasa? Ɗakin gwaji ne ke ba da amsa, ba ofis ba.

Bari in faɗa maka abin da ya same ni, don ka san nauyin kujerar da kake raina wa. Ina matashi kamarka, muna wani aiki a kan baƙar laka. Tankar ruwa biyu muke da su, ɗaya ta lalace, ga manya za su zo duba aiki a ƙarshen mako. Aka matse wani yanki na kusan mita ɗari uku da ƙarancin ruwa. Na yi awo, matsin bai kai ba. Na sake, bai kai ba. Shugaban aikin ya kira ni gefe, ya dafa kafaɗata, ya ce ɗan bambancin nan ba komai ba ne, motoci za su ƙarasa matse shi. Ina da mata da jariri, kwangilata saura wata biyu. Na sa hannu. Bayan damina biyu na bi hanyar a motar haya. Daidai wurin direba ya sauka gefe yana bin ƙasa, domin tsakiyar ta zama ramuka. Wata tsohuwa a bayana, riƙe da jikanta mara lafiya, ta ce Allah ya isa tsakaninta da waɗanda suka yi wannan aiki. Ban ɗaga kai ba har muka isa. Tun daga ranar ban sake sa hannu a kan lambar da ban gani da idona ba, kuma hakan ya taɓa jawo mini rasa aiki. Ranar irin wannan za ta zo maka. Ka rubuta abin da sikeli ya nuna, ka ajiye kwafi a littafinka, ka faɗi maganarka da ladabi ba tare da ɗaga murya ba. Sunan da za ka ci abinci da shi shekara talatin, a irin wannan rana ake yin sa.

Yanzu ana yawan maganar gini da hanya masu ɗorewa, waɗanda ba sa cutar da muhalli. Magana ce mai kyau, ni ma ina kanta. Sai dai a wajena hanyar da ta fi kowace tausaya wa muhalli ita ce wadda ba za a sake yin ta ba bayan shekara biyar, domin kowace maimaitawa sabon rami ne a gonar wani, sabuwar kwalta ce daga tashar ruwan Duwala, sabon bashi ne a wuyan ƙasa. Abu biyu ke kashe hanya a nan, ruwa da lodi. Ruwan Marwa a shekara kusan milimita 800 ne, amma cikin wata huɗu yake zuba, wani lokaci rafin da ka tsallaka da ƙafa da safe ya cika ya batse kafin la'asar. Kwalbatin da ya yi ƙanƙanta ko lambatun da yashi ya toshe ya isa ya cinye aikin miliyoyi a dare ɗaya. Ambaliyar 2024 ta karya gada a cikin garin Yagwa, kowa ya gani. Lodi kuwa, tun gwajin da aka yi a Amurka a ƙarshen shekarun 1950 aka gano cewa in nauyin da ke kan layin taya ɗaya ya ninka biyu, ɓarnar da yake yi wa hanya tana ninkawa kusan sau 16. Doka ta tsayar da tan 13 a kan layi ɗaya, amma kai ma ka san irin lodin da ke bin hanyar Ngaundare zuwa Garwa zuwa Kuseri, ya haye gadar Ngeli ya shiga Injamena. Sannan ka sa ido a kan ramukan burji idan an gama aiki. Ramin da aka bari da gefe a tsaye yana cin yara da damina. In aka kwantar da gefensa, aka yi shawara da mutanen gari, sai ya zama tafkin shayar da dabbobi har tsakiyar rani.

Kana tsoron kalmar "ƙaramin ma'aikaci". Kada ta dame ka. Takardarka ba za ta ruɓe ba, ka je ka yi rajista da ƙungiyar injiniyoyin gine-gine ta ƙasa, ONIGC, tun yanzu. Masu takarda suna da yawa, masu takarda da suka durƙusa a bayan rola su ne kaɗan. LABOGENIE, wato ɗakin gwajin gwamnati, da ofisoshin da ake ɗauka su sa ido a kan 'yan kwangila, da ƙananan hukumomin da ke shimfiɗa bulon titi a unguwanni, duk irin wannan mutum suke nema. Ƙetaren kogi, a Cadi, ma haka, musamman yanzu da gadar da ta haɗa Yagwa da Bongor ta fara aiki a 2025. Kana jin Hausa da Fulatanci da Faransanci, in ka ƙara Larabcin Shuwa na kasuwa, ba ka da shamaki daga Garwa har Injamena. Ka koyi aiki da na'urar awon ƙasa ta masu safiyo, ka iya lissafin kuɗin aiki a kwamfuta, ka riƙa zama da direban gireda da na rola lokacin cin abinci. Tsohon direban gireda ya san abin da ba ya cikin littafi.

Kafin ka sa hannu, ka tambayi abu uku, kuma kada kunya ta hana ka. Na farko, a wane yanki ne aikin, ina ake kwana, wa ke tsaro? Ba a manta ba, a watan Mayun 2014 aka kai hari sansanin masu aikin hanya a Waza aka sace 'yan Sin goma, aikin hanyar Mora zuwa Kuseri ya tsaya, kuma an daɗe ana fama kafin a sake kama shi. In amsar da suka ba ka ba ta kwantar maka da hankali ba, rai ya fi aiki, ka nemi wani wurin. Na biyu, takardar kwangila a rubuce, da ranar biya, da rajistar CNPS, wato asusun fanshon ma'aikata na ƙasa. Na uku, su yi maka alkawarin takardar shaidar aiki wadda ta faɗi irin gwaje-gwajen da ka yi, domin ita za ka nuna gobe.

To, mahaifinka.

Ɗana, maganar da ya faɗa ta yi maka zafi, amma ka sake sauraren ta da kunnen magini. Mutumin nan ya shekara arba'in yana ganin abin da damina ke yi wa katanga. Ya san yaɓen kowace shekara, ya san gara, ya san daren da ake tashi da fitila ana tare ɗigo da kwano, wataƙila ya taɓa tono mutum daga ƙarƙashin soron da ya rufta. Ya kuma ga yadda azara ta yi wuya, ya ga yadda mai kuɗi ke kiran birkila ya bar maginin gargajiya a tsaye. A idonsa laka ita ce wahalar da ya sha, siminti shi ne hutun da ya saya maka da shanunsa. Da ka miƙa masa bulon, shi abin da ya ji shi ne wahalarsa ta tashi a banza. Ba ilimi ya raina ba. Tsoro ya ji.

Kuma ina zargin ka je masa a matsayin mai koyarwa. Koma masa a matsayin ɗalibi. Ka same shi bayan sallar isha'i, shi kaɗai, ka ce: "Baba, a makaranta an koya mini lissafin ƙasa, amma ba a koya mini ƙasar Marwa ba. Ina ne kuke ɗebo ƙasar da ba ta tsagewa?" Za ka sha mamaki. Zai gaya maka ramin da ƙasarsa ke da kyau da wanda ke da gishiri, zai gaya maka kwana nawa ake barin cuɗaɗɗiyar ƙasa ta ruɓa kafin a yi tubali, da yadda ake jiƙa makuba daga ɓawon ɗorawa a shafe bango don ruwa ya zame. Wannan ba ƙaramin ilimi ba ne. Da shi Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaga bakan gizon masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Nan kusa da kai, a Pus, 'yan ƙabilar Musgum suna gina ɗakunansu masu tsini da laka zalla, babu itace babu ƙarfe, wasu har mita tara, zanen jikin bangon shi ne matakalar magini, shi ne kuma hanyar ruwan sama. A Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar ƙauyensu Gando da bulon ƙasa a 2001, ya ɗaga rufin kwano sama da silin don iska ta ratsa, kuma a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi Pritzker, babbar kyautar masu zanen gini ta duniya. Amma kada ka fara wa mahaifinka da labarin kyauta. Gani ya kori ji.

Ka roƙe shi wuri a cikin gida ku gina ɗaki ɗaya tare, ko da na ajiyar kaya ne, mita uku da rabi kowane gefe. Shi ne maginin, kai ne mai buga bulo. Wata goman da za ka yi a daji, ka riƙa ɗebo samfurin ƙasa daga ramukan da ya nuna maka, ka nemi izinin shugabanka ka gwada su bayan an tashi aiki. Tun kafin nan ma ka yi gwajin kwalba a gabansa: ƙasa kashi ɗaya cikin uku na kwalbar, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye. Tsakuwa da yashi za su kwanta nan take, lallausar ƙasa ta biyo, laka ta zauna a sama bayan kwana ɗaya. Ƙasar bulo tana son yashi da yawa, laka kada ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu. Karal ba ta yi, komai simintin da ka zuba mata. Injin matsewa na hannu ba sabon abu ba ne, tun shekarun 1950 aka ƙirƙiro shi a Kolombiya, kuma maƙeran walda suna iya ƙera shi in sun sami zane mai kyau. MIPROMALO, hukumar da gwamnati ta kafa a 1990 don bunƙasa kayan gini na gida, ita ce wurin da za ka nemi bayani a kan inji da horo da ƙa'idojin wannan bulo.

Inda mafi yawan masu wannan sana'a ke faɗuwa shi ne bayan an buga. Siminti ba bushewa yake so ba, danshi yake so. Bulon da aka shanya a ranar Marwa da iskar hunturu, samansa zai yi kyau, cikinsa gari. A jera shi a inuwa, a lulluɓe da leda, ya yi aƙalla mako guda cikin danshi, kada a hau gini da shi sai ya cika kwana 28. Sannan ginin kansa: ruwa ne kaɗai abokin gaban ƙasa, kuma ta hanya uku yake zuwa, daga ƙasa, daga sama, daga gefe. Harsashi na dutse ko kankare, a ɗaga shi ya haura ƙasa da kamu biyu. Rufi ya leƙo waje sosai, indararo ya jefa ruwa nesa da gindin bango. Bangon gabas, inda hadari ke dukansa, a ba shi kulawa ta musamman. Mahaifinka ya san duk wannan tun kafin a haife ka, kai lissafi kawai za ka ƙara masa.

Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka yi wa mutane alkawarin araha ba tare da ka yi lissafi ba. Bulo mai tsawon santimita 29.5, faɗi 14, kauri 9, nauyinsa ya kai kilo bakwai da ɗoriya, kuma murabba'in mita ɗaya na bango yana cin kusan 33. In ka sa siminti kashi 6 cikin 100, buhu mai kilo 50 zai ba ka bulo ɗari da 'yan kai, wato bango murabba'in mita uku da wani abu. Mai bulon siminti da ke fitar da 35 ko 40 a buhu, shi ma kusan murabba'in mita uku yake samu. Ka ga ashe a wajen bulo kaɗai tazarar ba ta da yawa, in kuma ka haura zuwa kashi 8 ko 10 ta ɓace. Ribar tana wani wuri. Bangon da aka jera da kyau ba ya bukatar filasta da fenti. Ba a sayen tifar yashi da yawa, yashin da ake ta kwasa daga Mayo Kaliyawo da Mayo Tsanaga. Ba a ƙona itace kamar yadda jan bulo ke ci, a yankin da itace ya zama abin tattali. Kuɗin aikin yana zama a hannun samarin unguwa. Babbar ribar kuma ita ce sanyi: bango mai kauri na ƙasa yana riƙe zafin rana ya hana shi shiga sai dare ya yi, ɗakin bulon siminti mai rufin kwano kuwa kowa ya san yadda yake a watan azumin da ya faɗo cikin bazara. Wannan za ka sayar. Ka shigar da mutum ɗakin da ƙarfe biyu na rana, ka yi shiru.

Kuma kada ka mai da siminti abokin gaba. Gada da kwalbati da harsashi ba su da madadinsa. Gaskiya ne toya shi yana bukatar wuta mai digiri 1450, kuma masana'antarsa ce ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin kabon na duniya. Shi ya sa masu yin sa da kansu suka koma neman laka: akwai sabon nau'in da ake rage toyayyen dutsen da ke cikin siminti zuwa rabi, a cike da gasasshiyar laka da garin dutsen farar ƙasa, kuma an riga an kafa masana'antar irin wannan a Kiribi. Ga kuma ɓuntun shinkafar Yagwa da Maga, wanda tokarsa, in an ƙona shi yadda ya kamata, tana iya maye gurbin wani kaso na siminti. Wanda ya san laka yana da gurbi har a cikin masana'antar siminti. Wannan ma ka gaya wa mahaifinka wata rana, idan hira ta yi daɗi.

Kawunka ya yi maka alheri, kada ka amsa masa ta waya. Ka hau mota ka je Kuseri, ka gaishe shi, ka gode, ka ce kana neman albarkarsa ka ƙaro ilimin aiki na wata goma. In da hali ka kawo masa wani amintacce daga cikin dangi da zai riƙe shagon. Shago ba abin kunya ba ne, kuma kawun nan gobe shi zai ba ka siminti bashi, a ƙofar shagonsa za ka jera bulonka mutane su taɓa. Abin da nake gudar maka shi ne shiga yanzu. Wanda ya saba da kuɗin ciniki yana da shekara 26, da wuya ya koma durƙuso a rana, bayan shekara uku kuma kamfani zai ga takardarka ta tsufa ba tare da aiki ba.

Iyayen yarinya kuwa suna da hakkin tambaya. Abin da ke tayar wa iyaye hankali shi ne saurayin da ba shi da amsa. Ka tura manyanka su faɗa musu gaskiya: ya sami aiki, ga inda yake, ga watan da zai gama, ga lokacin da muke so a tsayar da rana. Ita ma ka gaya mata adadin albashin da bakinka, kada ta ji a wajen wani. In sun ce ba za su iya jira ba, ka yi istihara, ka shawarci mahaifiyarka, kada ka ci bashi don ka rufe bakin mutane.

Ku yi ƙoƙari ɗakin ya tashi kafin ruwan farko na watan Yuni. Ka ajiye bulo biyu a gefe, ɗaya ka nutsa shi a bokitin ruwa ka bar wa mahaifinka ya ciro da hannunsa bayan kwana uku. In Allah ya kai mu kaka, ka rubuto mini ka gaya mini abin da bangon gabas ya yi, da abin da tsohon ya ce.